Na je sayen antibayotik, Baba ya sayar min da koma da gishiri

Shagon kayan kiwon kifi ne a nan Zariya, ɗan ƙarami, in ba an nuna maka ba sai ka wuce shi sau uku kana nema, don allon ma rana ta cinye rubutun. Sunan ba zan saka ba, mai shagon da kansa ya ce in bar shi, wai shi ba ya son hayaniya, kuma tunda akwai abubuwan da zan kushe gara a bar shi hakan. Wata bakwai ke nan ina hulɗa da su, na sayi abubuwa kala huɗu ko biyar, an duba min kifi sau biyu, don haka ina ganin na kai in yi magana.

Ni dai malamin makaranta ne, bayoloji nake koyarwa a sakandare, kiwon tarwada kuma ɗan abin rufin asiri ne a bayan gida, tankin tamfol guda uku da bohol na maƙwabci da muke haɗa kuɗin mai. A cikin hunturun bara na zuba jubinayil, wato 'ya'yan kifi da suka ɗan tasa, dubu ɗaya, suna ci lafiya lau har aka kai lokacin sotin, wato ware manya daga ƙanana don kar su cinye juna, kun san halin tarwada, babba ba ya jin kunyar haɗiye ƙaninsa. Ni da ɗan yayata muka yi aikin ranar wata Asabar da tsakar rana. Komar da muka yi amfani da ita irin ta kasuwa ce mai zaren nailan mai kauri da ƙulli-ƙulli, ƙayar kifin sai ta maƙale a ciki mu finciko, kuma da yake suna suɓucewa daga hannu sai yaron ya kawo dabara, ya ce Kawu bari in ɗauko buhu, muka riƙa kama su da busasshen buhu, wasu ma mu ajiye su a kan siminti kafin a gama ƙirga. Har yaba masa na yi wallahi. Bayan mun gama na wanke tankin da garin sabulu don ya yi fes, na ɗauraye sama-sama na maida su.

Kwana uku tsakani abu ya fara. Da farko wani fari-fari a gadon baya kamar an shafa alli, sai gashin bakin wasu ya fara guntulewa, sai jan miki a gefe, sai ka ga kifi ya tsaya a tsaye a saman ruwa kai sama wutsiya ƙasa ba ya ko gudu in ka kai hannu. Kullum da asuba kafin in tafi masallaci sai na kwashe gawa, yau goma gobe ashirin da wani abu. Wani abokina da ya riga ni shiga harkar ya ce kawai in nemo jan kafso in zazzaga a ruwa, in kuma ban samu ba in je shagon nan in ce a ba ni antibayotik na kifi. Abin da ya kai ni ke nan.

Na isa ƙarfe tara shagon a rufe, ƙorafina na farko ke nan kuma har yau bai canza ba, ba sa buɗewa sai wajen goma da rabi, mutumin da kifinsa ke mutuwa kuwa kowane minti ji yake kamar shekara. Da aka buɗe na tarar da dattijo, tsohon ma'aikacin sashen kifi ne da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa, da yaron shago ɗaya. Na ce Baba antibayotik nake so mai ƙarfi. Ko motsi bai yi ba, ya ce Malam me ka yi musu? Na ce ban yi musu komai ba cuta ce kawai ta shigo. Ya ce cuta ba ta shiga gidan da ƙofarsa ke rufe, yaushe ka taɓa su na ƙarshe, da me ka taɓa su? Ina ambaton buhu sai ya cire tabarau ya dube ni, irin kallon da nake wa ɗalibin da ya ce min zuciya a ciki take. Ya ce koma gida ka kawo min guda biyu masu rai waɗanda suka fara nuna alama, a cikin ruwansu, kar ka kawo matacce, da ruwan tankin a gora daban.

Gaskiya raina ya ɓaci, na ɗauka salon jan rai ne don a ƙara min kuɗi. Amma na je na kawo.

To nan ne na ga abin da ya sa nake rubutun nan. A bayan kanta akwai wani tsohon maikuroskof, na'urar da ke girmama abin da ido ba ya gani, a cikin akwatin katako. Baba ya jiƙa hannunsa tukuna, ya kama kifin a hankali, ya ɗauki ɗan siririn gilashi ya kankaro yauƙin jikinsa kaɗan daga wajen kai zuwa wutsiya, ya ɗiga ruwa ya rufe ya saka, ya ɗan jujjuya ya ce zo ka gani. Na leƙa sai ga wasu abubuwa zagayayyu kamar tayar keke masu haƙora a ciki suna ta juyi suna yawo, Trichodina ke nan, na sha ganin zanenta a littafi amma ban taɓa ganinta da rai tana motsi ba sai ranar, shekara goma sha wani abu ina koyarwa. Ya ce waɗannan ba su da yawa sosai kuma antibayotik ba ya taɓa su ko kaɗan don ba bakteriya ba ne. Mikin kuma ya ce ya fi kama da aikin bakteriya, irin su Aeromonas hydrophila mai kawo jan gyambo ko Flavobacterium columnare mai kawo farin tabo da cin gashin baki, amma ya faɗa min ƙiri-ƙiri cewa da wannan na'urar tasa ba zai iya rantsewa wacce ce ba, sai an kai lab, wato ɗakin gwaji, an raini ƙwayar an gane ta, in ina so in kai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU. Wannan gaskiyar ta burge ni fiye da komai, don wani da tuni ya laƙaba wa cutar suna ya haɗa min leda.

Sai ya yi wani abu da ba zan manta ba. Ya aiki yaron ya samo guntun buhu busasshe, ya ɗora a bayan ɗaya kifin sau ɗaya kawai ya ɗaga, ya miƙo min. Buhun ya kwaso yauƙi yana ƙyalli, wurin da aka taɓa a jikin kifin kuma ya dushe, ka shafa ka ji ba santsi. Ya ce Malam wannan da ka gani a buhu shi ne asibitinsa, shi ne rigarsa, kai ka tuɓe wa kifi dubu riga a cikin sanyi ka jefa su ruwan da ke cike da ƙwayoyin cuta, yanzu kuma ka zo in sayar maka da magani. Na yi shiru. Ƙwayoyin nan dama suna cikin ruwan kowane tanki kullum, ba daga wani wuri suka zo ba, jira kawai suke a samu kafa.

Kunya ta sa na koma gida na yi ta karatu a kan abin, kuma bari in ɗan tsaya a nan don shi ne ainihin abin da na ƙaru da shi, kuma shi zai sa ku gane dalilin da na yaba wani kayan na kushe wani.

Yauƙin nan da muke ƙyama ba datti ba ne. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a fatar kifi da aikinsu ke nan, su yi ta fitar da shi ba dare ba rana, tsohon yana zubewa cikin ruwa da duk abin da ya manne masa sabo yana maye gurbi, wato ko ba komai a cikinsa wannan sabuntawar kaɗai tana hana ƙwayar cuta samun wurin zama. Amma kuma akwai komai a cikinsa. In kuna son shaida ku tsaya kusa da uwargida ranar da take wanke tarwada, da ta zuba ruwan zafi za ku ga yauƙin ya koma fari ya dunƙule kamar farin ƙwai a kasko, to dalilin ɗaya ne, furotin ne zafi ya dafa. Mu a kicin da toka da gishiri da lemon tsami ake yaƙi da shi, kuma daidai ne tunda kifin ya riga ya mutu, matsalar ita ce mu masu kiwo mun ɗauko wannan tunanin na kicin mun kai shi bakin tanki.

Daga cikin furotin ɗin akwai laisozayim, wanda nake koya wa yara cewa yana cikin hawaye da yawu da farin ƙwai, Alexander Fleming ne ya bayyana shi a 1922 kuma a majinar hancinsa ya fara ganinsa lokacin da yake mura, shekaru kafin ya gano fenisilin a 1928. Aikinsa shi ne ya farfasa katangar da ke kewaye da bakteriya har ta fashe. Sai dai ya fi tasiri a kan wani rukuni na bakteriya, irin su Aeromonas suna da ƙarin rufi a waje da ke kare katangar, shi kaɗai ba ya isa. Nan ne wasu ƙananan furotin ke shigowa, gajeru ƙwarai, su ba ruwansu da katanga, fatar bakteriyar suke nufa. Suna ɗauke da cajin fozitif ita kuma fatar bakteriya nagetif ce, sai su manne mata kamar maganaɗisu su huda ta, abin cikinta ya tsiyaye ta mutu. Saboda huda suke yi ba wata hanya ɗaya suke toshewa ba, ya fi wa bakteriya wuya ta saba da su kamar yadda take sabawa da magungunanmu, shi ya sa masu bincike suka damu da su.

An ciro irinsu da yawa. A 1997 an samu wani a fatar wani faffaɗan kifin teku na gabar Amurka ta arewa aka sa masa suna fulurosidin, a 2001 aka bayyana fisidin daga wani kifin da ake kiwo a can Amurka. Akwai ma wani kifi a Bahar Maliya da ke fitar da wani farin ruwa mai ɗauke da fardaksin, wanda bayan kashe bakteriya har kifin shak yake kora, wata masaniya Eugenie Clark ta lura da hakan a shekarun 1970. Amma wanda ya fi tsaya min a rai na dangin tarwada ne. A 1998 masu bincike a Koriya suka ciro wani daga yauƙin tarwadar yankinsu suka kira shi farasin, guntu ne mai amino asid 19 kacal, wato tubalan da ake gina furotin da su, kuma abin mamakin daga histon aka yanko shi, furotin ɗin da DNA ke naɗewa a jikinsa a cikin ƙwayar halitta. Wato in kifin ya ji rauni sai wani sinadari a yauƙin ya datse wannan furotin ya maida guntunsa makami a daidai bakin ciwon. Allah mai iko. Ban ce tarwadarmu ta nan sak irin wannan take da shi ba, jinsinsu daban, amma ita ma ba ta da ɓawo kamar karfasa, fata ce tsirara, don haka dogaronta a kan yauƙin ya fi na mai ɓawo.

Bayan waɗannan akwai sojojin garkuwar jiki na musamman irin waɗanda ke gane takamaiman cuta, har a 2005 aka gano wani nau'i da ake kira IgT a kifi wanda daga baya aka ga ya fi aiki a fata da hanji da wurin numfashi. Akwai kuma bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin yauƙin suna tare wuri, waɗanda in ka zazzaga kafso a ruwa su ma ka haɗa da su.

Sai gaiwa, wadda duk wanda ya tashi kusa da fadama ya san ta. In ruwa ya ƙafe ta shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ya bushe ya zama kamar kwanso, ta yi watanni a ciki har damina ta dawo, manoma na tono ta da fartanya. Kullum ɗauka ake busasshen abu ne kawai mai hana ta bushewa, sai a 2021 masu bincike a jami'ar New Mexico suka nuna kwanson nan rayayye ne, cike yake da fararen ƙwayoyin jini da ke tare bakteriya a waje su hana su isa jikinta. Da na ba Baba wannan labarin dariya ya yi ya ce su sai yanzu suka sani, wai tun suna yara an hana su fasa kwanson gaiwa in ba ci za a yi ba don ba ta ƙara yin rai. Ban sa wannan a sahun kimiyya ba, hirar dattijo ce, amma na ji daɗinta.

To mu dawo shago. Abin da ya haɗa min ranar farko: gishiri buhu ƙarami, irin na gari marar ayodin, da koma mai laushi, da ma'aunin zafin ruwa. Ya ce in canza kusan rabin ruwan a hankali ba tare da na kama ko ɗaya ba, in zuba gishiri giram 3 a kowace lita, wato kilo 3 a lita dubu, in narkar da shi a bokiti tukuna kar in watsa a kansu, in daina ba su abinci kwana biyu, in rufe saman tankin da leda da daddare saboda sanyi, kuma kar hannun kowa ya ƙara shiga ruwan. Na ce Baba gishiri kawai? Ya ce jinin kifi ya fi ruwan daɗi gishiri, don haka kullum ruwa na ƙoƙarin shiga jikinsa gishirin jikinsa na ƙoƙarin fita, fata da yauƙi ne ke rage wannan, in sun yage kifin yana kashe ƙarfinsa wajen fitar da ruwa maimakon warkewa, gishirin da ka zuba sauƙaƙa masa wannan wahalar yake yi kuma yana takura wa irin su Trichodina. Na duba daga baya, bayaninsa daidai ne. Ma'aunin kuma ya tona min asiri, da asuba ruwana yana sauka ƙasa da 20, alhali tarwada ta fi son wajen 26 zuwa 30, kuma sanyi na rage wa garkuwar jikinta kuzari. Ga kuma gajiyar kamu, kifi in ya firgita jikinsa na fitar da kotisol, sinadarin tashin hankali, kamar mu, shi ma yana danne garkuwa. Wato na haɗa musu uku a rana ɗaya, tsiraici da sanyi da firgici, ga sabulu na huɗu.

Mutuwar ba ta tsaya nan take ba, kar in yi muku ƙarya. Ta ci gaba kwana huɗu tana raguwa, waɗanda mikinsu ya yi zurfi duk sun tafi, jimilla na rasa ɗari biyu da 'yan kai. Amma masu farin tabo kawai da yawansu sun warke, na ga wurin yana rufewa santsin na dawowa. Ko gishirin ne, ko canjin ruwan, ko ledar, ko dai kawai don na ƙyale su sun huta, ba zan iya rabewa ba tunda duka na yi a tare. Kuma Baba bai ce antibayotik haramun ne ba, ya ce in mutuwar ta ƙaru bayan kwana uku a kai lab, likitan dabbobi ya rubuta wanda ya dace, a cikin abinci ake bayarwa da awo da adadin kwanaki, sannan a jira ya fita daga jikinsu kafin a sayar wa mutane. Abin da ya ƙi shi ne a zazzaga a ruwa da ka, kifin da ya daina ci bai samu ba, bakteriyar tanki kuma ta samu horo.

Komar ita ce abin da na fi yabawa. Raga ce mai laushi marar ƙulli, idonta ƙanana, ka shafa ta a kumatu ba za ta karce ka ba, kuma gindinta shimfiɗaɗɗe ne ba mai tsini ba don haka kifin ba sa danne juna a ƙasa. Ƙaya takan ɗan kama wani lokaci amma ba kamar waccan ba, in ka maida komar cikin ruwa yawanci da kansa yake zarewa. Ya koya min in jiƙa ta kafin ta taɓa kifi, in jiƙa hannu, in yi sotin da sassafe ko da yamma a cikin baho mai ruwa ba a ƙasa ba, kar in ɗebi da yawa a lokaci ɗaya, kuma in hana su abinci tun daren jiya. Zubi na biyu na yi sotin sau uku da ita, abin da na rasa bayan kowane sotin bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Kuma in ka duba ragar bayan aiki ba ka ganin farin kumfar yauƙin nan da tsohuwar ke tarawa. Aibinta biyu. Kuɗinta ya kusa ninka na ta kasuwa uku, sannan mariƙin ƙarfe ne marar kyau, wata biyu ya fara tsatsa a daidai inda aka haɗa shi da zoben, yanzu da tsumman roba na ɗaure shi. Mai kiwo da yawa ya sayi biyu, ko ma kowane tanki da tasa don kar a kwashi cuta daga nan a kai can.

Sai kwalbar. Wannan ba Baba ya ba ni ba, yaron shagon ne ranar da na koma Baba ya tafi jana'iza. Wani ruwa ne mai kauri shuɗi-shuɗi, ya ce Oga wannan shi ne maganin yauƙi, yana maida wa kifi rigarsa nan take yana ƙara garkuwar jiki, kowa shi yake saya. Da yake lokacin kaina ya cika da labarin yauƙi sai na faɗa. A gida na juya kwalbar na duba, ba a rubuta abin da ke ciki dalla-dalla ba, ba lambar NAFDAC, ranar lalacewa ma da biro aka gyara ta. Irin waɗannan ruwan asali don masu kifin ado ake yi, aikinsu na gaskiya kashe kilorin na ruwan famfo ne, wasu kuma ana saka musu wani abu mai santsi da ke ɗan lulluɓe fata. Wannan yana da amfaninsa ga mai amfani da ruwan famfo, ni kuwa bohol ne ba kilorin. Kuma ko da ya lulluɓe fatar, santsi daban laisozayim da farasin daban, waɗannan jikin kifin ne kaɗai ke ƙera su daga abincin da ya ci, ba a zuba su daga kwalba. Duk da haka na gwada don kar in zalunce shi, bayan sotin na saka a tanki ɗaya na bar ɗaya, kifi daga uwa ɗaya abinci ɗaya. Sati biyu ban ga bambancin komai ba, sai kumfa da ta ɗan ƙaru a mai maganin. Gwajin bayan gida ne ba na lab ba, amma kuɗina ne, kuma a lissafin lita dubu-dubu kwalba ɗaya ba ta kai ko'ina.

Da na kai ƙara wurin Baba ya ce shi ma ba ya son kayan, masu kifin ado a akwatin gilashi ne ke tambaya shi ya sa yake ajiyewa. Na ce to Baba ai sai a gaya wa yaro ya daina cewa yana ƙara garkuwa. Ya kira shi ya yi masa faɗa a gabana, amma kuɗina bai dawo ba tunda na buɗe, kuma satin da ya wuce na ga kwalaben na nan a sahun gaba. Wannan ya rage musu maki a wurina sosai, don wanda ya zo ranar da Baba ba ya nan wani shago daban zai tarar.

Dubawa ta biyu ita ma ta koya min wani abu da ya saɓa wa abin da na ɗauka. Cikin damina na ga kifin tanki ɗaya sun yi wani toka-toka, yauƙi ya yi musu yawa har yana zarara, suna goga jiki a bangon tamfol. Ni har murna na fara wai riga ta yi kauri. Baba ya kankara ya duba, wannan karon Trichodina cike da gilashin kamar kasuwa, ya gwada ruwan da 'yar kwalbar gwaji amoniya, gubar da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, ta hau. Ashe yawan yauƙi fiye da kima shi ma kuka ne, fatar ce ake cizo take ta zubarwa don ta kore su, in abin ya daɗe ƙwayoyin da ke fitar da shi su gaji, in ya taru a wurin numfashi kuma ya shaƙe kifin. Laifina ne nan ma, na ƙara abinci ban ƙara canjin ruwa ba. Wankan gishiri mai ɗan ƙarfi na ɗan lokaci ya sa na yi a baho yana tsaye a kaina ta waya, da canjin ruwa, suka dawo daidai. Ya gargaɗe ni kar in kuskura in zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fomalin ko jan garin nan famanganet da ka, don kifi marar ɓawo ba ya jure su kamar karfasa, in awo ya wuce su ƙone yauƙin da fatar gaba ɗaya.

Kuɗin dubawar bai taka kara ya karya ba, bai kai kuɗin kilo biyu na kifi ba, kuma in ka sayi kaya wani lokacin ma ya ce bar shi. Sai dai ka zo da lokaci a hannu, Baba akwai zance, tambaya ɗaya za ka yi ya kai ka New Bussa zamanin da ya je kwas a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi, ya dawo da kai ta tafkin Kainji, ga mutane a layi suna jira. Ba su da POS, taransfa kuma sai alat ya shigo wayar Baba da ke cikin aljihun babbar riga a kashe. Wurin ajiye mota babu, da babur ya fi. Abincin kifinsu na duba kwanan wata duk sababbi ne kuma a kan katako suke ba a ƙasa ba, amma farashin ya ɗan fi na dilolin cikin gari, ni a can nake sayen abinci in zo nan sayen shawara.

In maki ne, dubawa da shawarar Baba biyar cikin biyar, koma huɗu saboda mariƙin, gishiri gishiri ne ko'ina ka samu marar ayodin saya, kwalba kuma maki ɗaya, shi ma don ta yi wa maƙwabcina mai ruwan famfo amfani da na ba shi sauran. Ka kira kafin ka je ka tabbatar dattijon na nan, ka tafi da kifi mai rai a ruwansa da gorar ruwan tanki. Ni ranar Asabar zan koma da komar a ga ko mai walda na kusa da su zai iya canza min mariƙin da na alminiyam, kuma na roƙi Baba ya ara min maikuroskof ɗin kwana ɗaya in kai wa 'yan aji biyu su ga tayar keken nan da idonsu, ya ce sai dai in zo da su shagon, na'urarsa ba ta kwana a waje.